Yadda Ake Gane Shekarar da Aka Ƙera Tsohuwar Tarakta Daga Lambar Jikinta

Duk lokacin da damina ta ƙarato, tambaya ɗaya ke ta dawo mini, ta baki da ta waya: "Malam, an yi mini tallar tarakta, dillali ya ce ta shekara kaza ce, yaya zan yi in tabbatar?" Wani ma hoto zai turo, tarakta ja wur tana ƙyalli, ya ce in duba in faɗa masa shekarunta. Daga hoto ba a ganewa. Gwangwanin fenti biyu da yini ɗaya sun isa a mayar da tsohuwa amarya. Abin da ba ya ƙarya da sauƙi shi ne lambar da masana'anta ta buga a jikin ƙarfe, kuma ita ma sai ka san inda take, ka karanta ta daidai, ka kai ta jadawalin lambobi da shekaru da ya dace da ita.

Zan fi tsayawa a kan Massey Ferguson da Ford, don su suka fi yawa a gonakinmu da garejin kanikawa. Amma tun yanzu ka sa wannan a ranka: taraktar da ta shekara arba'in ko hamsin tana huɗa, da wuya ka same ta da kayanta na asali gaba ɗaya. Inji daga wata, giyabos daga wata, bonet daga wata. Shi ya sa ba na yanke hukunci da lamba ɗaya. Shaidu uku nake nema: lambar tarakta, lambar inji, da kwanan watan da ke jikin zubin ƙarfe.

Kayan da za ka riƙe

Tsumma, ɗan kananzir ko man dizal a gora, tsohon buroshin haƙori, ƙaramin buroshin waya, alli, fensir da farar takarda, tocila, sifana ta kwance kan batir, da waya mai kyamara. Duka kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, yawancinsu ma akwai su a gida. Kuɗin da za ka kashe na gaske shi ne na mota da na yinin bakanike, idan za ka tafi da shi. Ka tafi da naka, kada ka dogara da wanda dillali ya kawo. Ka kuma je da rana. Cinikin tarakta da magariba, a ce maka "Alhaji ai ga ta nan kana gani," ba ciniki ba ne.

Mataki na 1: Tsayar da ita tukuna

A ajiye ta a fili mai shimfiɗa, a sauke garma ko haro ƙasa, a ja birki, a sa waigi a taya, a kashe inji, ka zare makulli ka sa a aljihunka. Idan yanzu ta dawo daga aiki, ka ba ta lokaci ta huce, domin lambar inji tana kusa da ƙarfen da zai iya sale maka fata.

Gargaɗi: cire wayar batir kafin ka kai buroshin waya kusa da kik. A Ford musamman, lambar tana bayan kik ɗin ne, kuma in buroshi ya haɗa kawunan wayoyi biyu, tartsatsi zai tashi, ko ma inji ya juya alhali tarakta na cikin giya kana tsaye gaban tayar baya. Kada kuma ka yi wanki da fetur a wurin.

Mataki na 2: Gane samfurin da ƙasar da aka ƙera ta

A nan mutane suka fi faɗuwa, tun kafin su kai ga lamba. Kowane samfuri da nasa jerin lambobi, kuma samfuri ɗaya in an ƙera shi a ƙasashe biyu, kowace masana'anta da nata jerin.

Massey Ferguson 135, alal misali, an ƙera ta a masana'antar Banner Lane da ke Coventry a Ingila, an ƙera ta a Beauvais ta Faransa, an kuma ƙera ta a Detroit ta Amurka. Sunan da ke bonet ɗaya ne, jadawalin uku ne. Mutanenmu na Nijar da Kamaru da Chadi su lura da wannan sosai, domin tsohuwar tarakta da ta biyo ta hannun Faransa tana iya zama ta Beauvais, kuma jadawalin Ingila ba zai yi mata aiki ba. Bayan waɗannan akwai masu ƙerawa da lasisi: Millat a Lahore ta Pakistan, TAFE a Indiya, Uzel a Turkiyya, IMT a tsohuwar Yugoslabiya. MF 375 (MF taƙaicen Massey Ferguson ne) da ke cika kasuwanninmu ita ce babban misali. Ingila ta ƙera 375 tsakanin 1986 da 1997, Pakistan kuwa ta ci gaba da fitar da tata shekaru masu yawa bayan haka. Suna ɗaya, shekaru daban, kayan gyara ma ba duka suke shiga juna ba.

To ka karanta abin da ke rubuce a farantin lamba da kyau, sunan kamfani da gari da ƙasa suna nan a kai. Kada ka yarda da sitikar bonet. Ana sayar da ita a kasuwar kayan gyara, kuma ba sabon abu ba ne a manna wa MF 165 sitikar samfurin da ya fi ta tsada. Ƙirga silinda ma na taimakawa: 135 ta dizal silinda uku gare ta, 165 huɗu. Ka ƙirga bututun da suka fito daga famfon injekta zuwa nozul, ka gama.

Masu Steyr da aka harhaɗa a Bauchi, ko Fiat da aka harhaɗa a Kano, hanyar ɗaya ce: faranti tukuna, sannan jadawalin wannan samfurin kaɗai.

Mataki na 3: Nemo inda lambar take

A tsofaffin Ferguson masu launin toka, wato dangin TE20, farantin yana saman akwatin sitiyari, inda sandar sitiyari ta shiga. A MF 35 da 135 da 165 ka duba allon agogo da ke ƙarƙashin sitiyari da gefe-gefensa, za ka ga ɗan faranti an kafe shi da ƙananan ƙusoshi. A Ford 2000, 3000, 4000, 5000 da ƙannensu irin su 4600 da 6600, ka tsaya a gefen dama, ka duba bayan kik, inda inji ya haɗu da giyabos. Akwai wani ɗan wuri mai lebur a jikin ƙarfen, an buga layi uku na lambobi a kai. Wasu suna da takardar ƙarfe a cikin bonet mai ɗauke da bayanin, amma bonet ana canza shi, don haka na jikin giyabos shi ne abin dogaro.

Gargaɗi: ba kowace lamba da ka gani ba ce lambar tarakta. Lambar da ta kumburo waje daga jikin ƙarfe, wadda aka zuba ta tare da shi, lambar kayan gyara ce. Ta tarakta bugawa aka yi, ta nutsa ciki. A Massey, lambar da ta ƙare da M1 ko M91 ta kayan gyara ce. A Ford za ka yi ta ganin C5NN ko C7NN ko D0NN. C na nufin shekarun 1960, D shekarun 1970, lambar da ke biye kuma ita ce shekarar da aka tsara wannan ƙarfen. C5NN na nufin an tsara shi a 1965, amma an ci gaba da zuba irinsa shekara da shekaru da wannan rubutun. Abin da zai gaya maka kawai shi ne taraktar ba ta girmi 1965 ba, in har ƙarfen nata ne.

Mataki na 4: Wankewa da karantawa

Jiƙa wurin da kananzir, ka bar shi ya ɗan sha, ka goge da buroshin haƙori. Baƙin mai da ƙurar gona sukan daskare su yi kamar kwalta, sai ka bi a hankali. In lambar a jikin zubin ƙarfe take, buroshin waya ba laifi. In a faranti take, kada ya kusance shi, haka ma samfefa. Farantin ƙarfe ne mai laushi, rubutun bai nutsa sosai ba, goga biyu mai ƙarfi ka share abin da ka zo nema. Injin gurza ƙarfe kuwa, ko bakanike ya ɗauko ka hana shi.

Da wurin ya bushe, ka goga alli a kai, ka share saman da yatsa. Allin zai maƙale cikin ramukan lambobin su fito fari. In har yanzu da duhu, ka kare hasken rana da hularka, ka haska tocila daga gefe, kusan a kwance da ƙarfen, inuwa za ta fito da abin da ido bai gani ba. Ɗora takarda a goga fensir a kai ma yana aiki a faranti.

Ka ɗauki hoto sau uku ta fuskoki daban, sannan ka rubuta da hannu. Ka sa wanda kuka zo tare ya karanta nasa ba tare da ya ji naka ba, ku gwada. 3 da 8, 1 da 7, 5 da 6, B da 8, su ne masu rikitarwa. Kuskuren lamba ɗaya a farko na iya ɗauke ka shekara biyar. Ka rubuta har da haruffan da ke gaba da baya, ba ado ba ne. A MF 35 ta Ingila, in ka ga SNM kafin lamba, S na nufin gangar jiki ta yau da kullum, N injin Perkins mai silinda uku, M kuloci mai hawa biyu. In SDM ne, D na nufin injin dizal mai silinda huɗu na kamfanin Standard, wanda ya yi suna wajen wuyar tashi da sanyin safiya, kuma aka maye gurbinsa da Perkins a ƙarshen 1959. Harafi ɗaya ke nan ya rage maka shekarun da za ka bincika.

Mataki na 5: Kai lambar Massey jadawalinta

Ka fahimci yadda jadawalin yake kafin ka shiga. Lambar da aka rubuta gaban kowace shekara ita ce ta taraktar farko da ta fito a shekarar. Don haka ba taka za ka nema a jerin ba, ba za ka gan ta ba. Ka nemi lamba mafi girma wadda ba ta wuce taka ba, shekarar da ke gabanta ita ce amsarka.

Ferguson TE20, Ingila: 1946 ta fara daga 1, 1947 daga 316, 1948 daga 20895, 1949 daga 77773, 1950 daga 116462, 1951 daga 167837, 1952 daga 241336, 1953 daga 310780, 1954 daga 367999, 1955 daga 428093, 1956 daga 488579, aka rufe a 517651.

Ferguson FE35, wadda daga baya ta koma MF 35, Ingila: 1956 daga 1001, 1957 daga 9226, 1958 daga 79553, 1959 daga 125068, 1960 daga 171471, 1961 daga 220614, 1962 daga 267528, 1963 daga 307231, 1964 daga 352255.

MF 135, Ingila: 1965 daga 101, 1966 daga 30283, 1967 daga 67597, 1968 daga 93305, 1969 daga 117429, 1970 daga 141426, 1971 daga 162200. A cikin 1971 ɗin aka yi tsalle aka buɗe sabon jeri daga 400001. 1972 daga 403518. 1973 daga 419583. 1974 daga 432709. 1975 daga 445602.

MF 165, Ingila: 1965 daga 500001, 1966 daga 512207, 1967 daga 530825, 1968 daga 547384, 1969 daga 563701, 1970 daga 581457, 1971 daga 597745. Ita ma a 1971 aka canza mata jeri, sai dai ita baya aka koma da ita, daga 100001; 1972 daga 103622; 1973 daga 116353; 1974 daga 126448; 1975 daga 135036.

Dubi abin da wannan ke nufi. Hankali zai ba ka cewa babbar lamba ita ce sabuwa. A 165 ba haka ba ne: mai lamba 550000 ta 1968 ce, mai lamba 120000 kuwa ta 1973. Ƙaramar ce ƙanwa da shekara biyar. Ka kuma ɗauki wannan 120000 ɗin ka zagaya da ita: a TE20 za ta ba ka 1950, a MF 35 ta ba ka 1958, a 135 ta ba ka 1969, a 165 ta ba ka 1973. Lamba ɗaya, shekaru huɗu daban-daban. Wanda ya tsallake mataki na biyu, nan zai gane kurensa.

Ta Amurka da sauƙin ganewa. MF 135 ta Detroit lambarta na farawa da 641 a shekarun farko, daga 1967 kuma sai ta koma farawa da 9A. Da ka ga 9A, ka ajiye jadawalin Ingila gefe.

Na taɓa raka wani ɗan'uwa duba wata 135 a bayan wani gari, an ajiye ta ƙarƙashin darbejiya, an wanke ta tas har da taya. Dillalin yana ta rantsuwa ta 1985 ce, wai "ko shekara goma ba ta yi a ƙasar nan ba." Ban yi musu ba, duk da na san Ingila ta daina ƙera 135 kafin 1980. Bakaniken da muka zo da shi ya durƙusa, ya goge farantin da gefen rigarsa, ya tofa ɗan yawu, ya shafa alli. Sai ga lamba ta fito, ɗari da hamsin da 'yan kai a gaba, lamba shida cif. Tsakanin 141426 da 162200 ke nan, wato 1970. Dillali ya leƙa, ya gyara hula, ya ce, "To ai ni abin da mai ita ya gaya mini ke nan." Taraktar lafiyarta ƙalau, an kuma saye ta, amma ba a farashin farko ba.

Massey na baya-bayan nan, irin su 375 da 390 da 399 na Ingila, sun sauƙaƙa aikin, domin akwai harafin shekara a tsakiyar lambar: V 1987, N 1988, P 1989, R 1990, S 1991, A 1992, B 1993, C 1994, D 1995, E 1996, F 1997. Lambobi biyu da ke bin harafin su ne makon da aka ƙera ta. B32 a tsakiya na nufin mako na 32 na 1993. Ka lura haruffan ba a jere suke ba, don haka kada ka ƙirga da yatsa daga A. Kuma wannan na Ingila ne kawai, kada ka ɗora shi a kan ta Pakistan.

Mataki na 6: In Ford ce

Ni a wurina Ford ta fi kowa kyauta a wannan fanni, don har rana take faɗa. Layi ukun nan da ke bayan kik: ɗaya samfuri, ɗaya ranar ƙira, ɗaya lambar tarakta.

Lambar taraktar na farawa da harafin masana'anta. A na nufin Antwerp ta Beljiyam, B Basildon ta Ingila, C Amurka. Layin ranar ƙira kuwa gajere ne, kamar haka: 8E14B. Lambar farko ita ce ƙarshen shekara, harafin da ke biye wata ne, lambobi biyu rana, harafin ƙarshe kuma rukunin ma'aikatan da suka haɗa ta. Watannin suna tafiya A Janairu, B Fabrairu, C Maris, D Afrilu, E Mayu, F Yuni, G Yuli, H Agusta, sai a tsallake I don kada a rikita shi da 1, J Satumba, K Oktoba, L Nuwamba, M Disamba. Ke nan 8E14B a jikin Ford 4000 na nufin 14 ga Mayu, 1968.

Gargaɗi: lambar shekarar guda ɗaya ce, ba ta faɗin ko wane goma ne. 8 a jikin 4000 ko 5000 1968 ce, saboda an ƙera su daga 1965 zuwa 1975. 8 a jikin 6600 kuwa 1978 ce, domin dangin nan daga 1975 suka fara zuwa 1981. Inda ake tsayawa cak shi ne 5 a jikin 3000 ko 4000 ko 5000, tunda 1965 da 1975 duk suna ciki. Sai ka koma layin samfuri. Kafin Afrilun 1968 yana farawa da lamba, 3 ko 4 ko 5. Daga nan aka koma harafi: B na 2000, C na 3000, D na 4000, E na 5000. In layin ya fara da lamba, 1965 ce. In da harafi, 1975. Wannan iyakar ta Afrilun 1968 tana da muhimmanci ko wajen sayen kaya, don an canza abubuwa da dama a lokacin, kuma mai shago ƙwararre zai tambaye ka ta kafin ce ko ta bayan.

Mataki na 7: Shaida ta biyu, lambar inji

Yawancin Massey na dizal injin Perkins ke cikinsu. Ka duba gefen bulok ɗin inji, kusa da famfon mai ko famfon injekta, za ka ga wuri an goge shi ya yi lebur an buga lamba.

Tsohon salo yana farawa da girman injin, kamar 152 ko 212 ko 236, sai U wato Ingila, sai sauran lambobi. Wannan ba shi da harafin shekara, amma ganinsa kaɗai na nuna tsohon inji ne. Sabon salo yana farawa da haruffa biyu na dangin inji: CE shi ne mai silinda uku na 135 da 240, LD shi ne samfurin 4.236, LF kuma 4.248, duka biyun masu silinda huɗu. Sai lambobi biyar, sai harafin ƙasa, U Ingila, B Barazil, sai lambar injin, sai harafi ɗaya a can ƙarshe. Wannan na ƙarshen shi ne shekara: A 1974, B 1975, C 1976, D 1977, E 1978, F 1979, G 1980, H 1981, J 1982, K 1983, L 1984, M 1985, N 1986, P 1987. Haruffan sun zagayo sun sake farawa daga A a 1995, saboda haka ka haɗa da hankali.

Yanzu ka gwada da abin da faranti ya ba ka. In inji ya girmi tarakta da 'yan watanni, ko ya faɗa shekarar da ta gabata, daidai ne, ai sai an gama inji a masana'antar Perkins da ke Peterborough ta Ingila kafin a kai shi a ɗora. In kuwa faranti ya ce 1970 inji ya ce 1983, an yi dashe. Wannan ba aibi ba ne, sau da yawa ma alheri ne. Amma ka sani, kuma ka rubuta lambobin biyu daban: in za ka sayi fistin da ringi, lambar inji za ka kai shago, in kuloci ko kayan haidirolik ne, ta tarakta.

Gargaɗi: kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne a ɗauki lambar inji a kai ta jadawalin tarakta. Za ta faɗa wata shekara kuwa, tunda lamba ce, amma amsar banza ce. Inda lambar inji take zama ta tarakta shi ne tsofaffin Ford 9N, 2N da 8N na Amurka, na tsakanin 1939 da 1952, waɗanda aka buga musu lamba a gefen hagu na inji kaɗai. Su kam in an canza inji, shekarar ta tafi da shi.

Mataki na 8: Shaida ta uku, zubin ƙarfe

Manyan ƙarafan tarakta, gidan giya da gidan aksil na baya, akan zuba su da kwanan wata a jiki. A tsofaffin Ferguson za ka ga lambobi uku a jere, rana da wata da ƙarshen shekara, kamar 12 3 2, wato 12 ga Maris, 1952. Wannan kan riga ranar haɗa tarakta da makonni ko 'yan watanni, ba ya zuwa bayanta. Na fi son na gidan aksil, don shi ne abin da ba kasafai ake canzawa ba. Kik da dainamo na kamfanin Lucas ma suna ɗauke da kwanan wata a jikinsu, sai dai su kusan kullum za ka tarar an canza.

Agogon awa kada ka sa shi cikin shaidu. Wayarsa na tsinkewa a bar shi shekara goma a tsaye, in ya cika kuma ya koma sifili, ga shi ana sayar da sabo. Lambar jikin taya shekarar taya take faɗa.

Mataki na 9: In shaidu sun saɓa, ko faranti babu

Biyu suka yarda ɗaya ya ware, ka bi biyun. Faranti da zubin ƙarfe suka haɗu, shekarar ta tabbata ko da inji ya ce wani abu. Inji da zubin ƙarfe suka haɗu faranti ya ware, to farantin ne abin tuhuma. Ka duba ƙusoshinsa. Na asali za ka gan su sun tsufa tare da shi, fenti da tsatsa sun bi ta kansu. In sababbi ne fes, ko an ɗaure da sukuru, ko ka ga wasu ramuka a gefe ba komai a ciki, an cire an mayar, ko an ɗauko na wata.

Faranti na iya faɗuwa da kansa bayan shekara hamsin, wannan ba abin mamaki ba ne, sai ka dogara da sauran shaidun ka ce tsakanin shekara kaza da kaza. Amma lambar da aka buga a ƙarfe ba ta faɗuwa. In ka tarar an gurje wurin ya yi rami, ko an bi shi da walda, ko lambobin sun karkace wasu manya wasu ƙanana, ka yi sallama ka tafi komai arharta. Tarakta ana sace ta, kuma wanda aka samu da ita a hannu shi zai fara amsa tambaya.

Ka raba shekaru uku a kanka, domin dillalai na cakuɗa su, wani da gangan wani da rashin sani: shekarar ƙira, shekarar da aka fara yi mata rajista a can, da shekarar da ta shigo ƙasa. Takardar kwastan ta shigowa take nunawa. Taraktar 1972 da aka sauke a tashar jirgin ruwa a 2015 tana nan a 'yar 1972. Abin da za ka nema a takardar shi ne ko lambar da ke ciki ta yi daidai da ta jikin ƙarfe, harafi da harafi.

In ciniki ya faɗa, a rubuta samfuri da lambar tarakta da lambar inji a takardar sayarwa, mai sayarwa da shaidu su sa hannu, a ba ka rasit mai ɗauke da lambobin nan. Ka ajiye hotunan da ka ɗauka a wani wuri ban da wayarka. Kafin mai fenti ya taɓa ta kuma, ka sa ya manna salatif a kan farantin da wurin lambar inji, in ba haka ba zai bi su da ja ya rufe, wanda zai saya a hannunka nan gaba ya dawo yana neman alli.